Kwana Tara a Jambiani, Bayan Baƙi Sun Watse

Shekaranjiya na dawo Katsina, har yanzu jakata ƙamshin kanumfari take yi. Gara in rubuta tun abin bai huce ba, domin duk wanda ya shigo yi mini barka da hanya maganarsa ɗaya ce: "Ya ka baro Auta? Ai shi kam ya huta."

Auta ƙanena ne. Shekara biyu ke nan yana aikin akawu a otal ɗin wani Bature ɗan Italiya a Jambiani, ƙauyen masunta da ke kudu maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Hotunan da yake turowa zauren WhatsApp na gidanmu su suka sa ake cewa ya huta: yashi fari fat kamar garin rogo, ruwa shuɗi, kwakwa ko'ina. Hajiya ce kaɗai ba ta gamsu ba. Ta ce muryarsa ta canja. Bayan Ƙaramar Sallah ta ɗaure mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kilishi, ta ce in je in gano mata shi da idona.

Daga Katsina zuwa Kano a mota, daga Kano jirgi zuwa Adis Ababa, sannan Zanzibar. A ɗaya daga cikin wuraren duba takardu wani jami'i ya riƙe fasfona, yana ganin koren bango ya ɗaure fuska. Ya bar Turawa biyar suka wuce, ni kuwa ya tsare ni a gefe yana tambayar nawa ke aljihuna, kamar wanda ya zo bara. Ga bizata da na sha makonni ina jira tun daga gida, ga tikitin dawowa. Na yi masa sallama bai amsa ba. Wannan ya ci mini rai ƙwarai. Sannan ga dala 44 na inshora da aka wajabta wa kowane baƙo mai shiga tsibirin tun watan Oktoban 2024. Idan ka juya ta zuwa naira sai gabanka ya faɗi.

Na baro Katsina ana kwana a tsakar gida saboda zafi, ko alamar hadari babu. Can kuwa na tarar da abin da suke kira masika, babbar daminarsu, daga Maris zuwa Mayu. Mu a gida hadari kan haɗo, a yi iska, a zuba ruwa, a ɗauke, yara su fito wasa. Nasu sai ya wuni ya kwana. Rigar da na wanke ranar Talata ba ta bushe ba sai Juma'a, kuma da warin raɓa. Tafiyar sa'a ɗaya da wani abu ce daga birni zuwa Jambiani, ta dajin Jozani, inda birai masu jan baya ke zaune a gefen kwalta ba su ko tsoron mota.

Da muka isa sai na ga abin da hoto bai taɓa nuna mana ba. Otal ɗin a rufe yake. An jera gadajen bakin teku an lulluɓe da tamfol, an yashe ruwan tafkin wanka, masu gyaran rufin ganyen kwakwa ne kaɗai ke motsi. Haka otal-otal da yawa ke yi a Afrilu da Mayu: a rufe, a yi gyara, a sallami ma'aikata sai Yuni. Mai otal ya tafi ƙasarsu. Aka bar Auta da mai gadi, wani Bamasaye, ɗan ƙabilar makiyaya ta Masai, dogo da sandarsa da jan mayafi, wanda da na hango shi daga nesa na ɗauka Bafulatanin dajin Rugu ne. Na yi tafiyar kusan sa'a guda a bakin teku ban haɗu da mai yawon buɗe ido ko uku ba.

Baƙin da suka rage 'yan kaɗan ne, kuma duk sun san juna. Akwai wata tsohuwar Bajamushiya da ta yi ritaya ta kama gida, akwai wani mai koyar da ninƙaya da ba shi da ɗalibi ko ɗaya, akwai likita ɗan Indiya da ke zuwa jefi-jefi. Da yamma sukan taru a gidan abinci ɗaya tak da ya rage a buɗe a wannan ɓangaren, hirarsu ba ta wuce takardar izinin zama da ɗaukewar wuta da ranar da baƙi za su dawo. Auta ya kai ni sau ɗaya. Mutanen kirki ne, amma zaman nasu na kwalba ne, shi kuwa shayi yake sha ya tashi da wuri. Na lura ba mai tambayar wani ya iyali. Ka zauna da mutum shekara biyu bai san sunan mahaifiyarka ba!

Waɗanda rufewar ta fi taɓawa su ne 'yan ƙauyen. Direban tasi da ya ɗauko mu ya ce kwanansa huɗu bai ɗauki kowa ba. Mata ne ke riƙe da gidaje. A wannan gaɓar teku kan janye nesa ƙwarai sau biyu a rana, sai ka ga mata sun shiga da zannuwansu cikin ruwa iya gwiwa suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. Mwani suke ce mata. Noma ne sosai, a shuka, a jira makonni, a girbe, a shanya, a sayar wa masu fitar da ita waje. Amma a damina shanyar ma wahala ce. Na tuna matan unguwarmu Rafindadi masu ƙuli-ƙuli da tuyar awara, waɗanda ba a lissafa su sai ranar da albashin maigida ya makara.

Mutumin da ba zan manta ba shi ne wani dattijo makwabcin Auta, tsohon masunci, Mzee kawai ake ce masa. Yara na gaishe shi da "shikamoo", yana amsawa da "marahaba", na ji kamar a gida ake yi mini maraba. Ya aiko a ce mu zo cin abinci "saa moja" na dare, na ce wa Auta wane irin abinci ne da ƙarfe ɗayan dare? Ashe su daga fitowar rana suke ƙirga sa'o'i, su sake daga faɗuwarta, saboda haka saa moja ƙarfe bakwai ke nan. Wallahi tsarin ya fi kama hankali. Mutumin nan ba ya da komai, kwalekwalensa ma a kife yake saboda iska, amma ya sa aka dafa shinkafa da madarar kwakwa da kifi da rogo, har da pweza, wannan abin tekun mai hannuwa takwas. Na ci, ya yi mini tauri kamar ganda. Bayan nan muka zauna a baraza, wato dakalin ƙofar gida, ana zuba gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Da Auta ya fassara masa cewa ni yayansa ne, sai ya kama hannuna ya ce yaron nan ya yi zazzaɓi bara, kwana uku ba wanda ya sani sai da ya ga bai fito sallar Asuba ba ya je ya buga ƙofa. Mu a gida ba mu taɓa jin wannan labari ba.

A daren nan na ce, "Auta, don me ka ɓoye mana?" Ya ce, "Yaya, in na faɗa Hajiya ba za ta yi barci ba." Ya ce a lokacin baƙi aiki kan hana shi tunani, amma watannin nan biyu yakan wuni bai yi Hausa da kowa ba sai a waya. Na dafa masa miyar kuka da ugali, tuwon masararsu, ya ci bai ce uffan ba, idonsa ya cika. Amaryarsa tana Ƙofar Ƙaura wurin iyayenta wata goma sha huɗu, wai ana jiran ya ƙara tara kuɗi. Ni dai ban ga kuɗin da ya kai wannan ba, kuma na faɗa masa.

Kwana biyu kafin in taho muka shiga dala-dala, motar hayarsu, zuwa birni. A kasuwar Darajani mai kanumfari ya ce "elfu arobaini", wato dubu arba'in. Ban jira tafinta ba, na ce ashirin. Ya zaro ido ya ce "thelathini". Ashe ƙidayar gomiyoyinmu ɗaya ce, ta Larabci, har hamsin da sittin. Muka daidaita a ashirin da biyar ya ƙara mini kirfa gyara. Da lokacin baƙi ne, in ji Auta, ko kallona ba zai yi ba. Kifi da kwakwa araha, amma tumatir da albasa sun yi tsada, na Ajiwa sun fi su girma nesa ba kusa ba.

Tsohon birnin na dutse mun zaga shi a gurguje cikin ruwa: lunguna ƙunci, ƙofofin katako masu sassaƙa, da cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Muka yi Juma'a, kowa da kanzu da kofia, wato doguwar riga da hula.

Dawowa ba wani labari. Adis, Kano, mota, zafi.

Jiya da safe na shiga ɗakin Hajiya na faɗa mata komai, har da zazzaɓin. Ta yi shiru, sannan ta ce in kira mata surukanta. Ranar Litinin ni zan raka yarinyar a fara yi mata fasfo.