Hayaƙin da ke kwana a Zariya: murhu, janareto da wutar bola

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, da an idar da sallar magariba, wani farin abu yakan kwanta ƙasa-ƙasa a kan Tudun Wada da Sabon Gari da cikin Birni. Galibi hazo ake ce masa. Akwai hazon a ciki kam, wato ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma babu mai ikon tare ta. Amma ƙura ba ta ƙauri. Abin da ke ƙaurin namu ne, daga murhu yake da janareto da bolar da aka cinna wa wuta.

Akwai dalilin da ya sa yake kwanciya maimakon ya tashi. Da rana ƙasa tana ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama da hayaƙin. Da dare kuwa a hunturu babu gajimare, ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfi a kan tukunya. Duk abin da aka ƙona daga magariba zuwa hantsi yana nan daidai hancin mutane. Yamma da asuba su ne mafi munin lokacin ƙona shara, kuma su ne lokutan da aka fi ƙona ta.

Abin da likitoci suka fi tsoro a cikin hayaƙi shi ne ɓurɓushin da ake kira PM2.5, wanda ya fi silin gashi siranta kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare shi, yana wucewa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikurogiram 5 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) cikin kowace mita kubik ta iska a matsakaicin shekara, 15 a yini guda. Madafin da ake hura icce a rufe yakan kai ɗaruruwa lokacin girki. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya duk shekara, ta hanyar ciwon huhu na yara, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Uwargida da goyon da ke bayanta su ne suka fi shaƙa.

A faɗin ƙasa, kusan kashi biyu cikin uku na gidaje da icce suke girki. An fara ganin sauyi, domin gas ɗin girki da ake sha a Najeriya ya haura tan miliyan 1 a 2020. Sai farashi ya juya. Tsakanin 2021 da 2024 kuɗin cika silinda mai kilo 12.5 ya ninka fiye da sau biyu. Litar kananzir ta haura naira 1,000, risho ya ɓace daga yawancin gidaje. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Gidaje da yawa suka jingine silinda suka koma gawayi. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta a 2024, tun 2021 kuma Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake janyewa daga iska nan da 2060. Manufofin suna da kyau, amma da kuɗin cefane ake auna girki.

To a auna shi daidai. Kilo 1 na gas yana ɗauke da zafi kusan megajul 46 (megajul ma'aunin ƙarfin zafi ne), kuma fiye da rabinsa yana shiga tukunya. Kilo 1 na gawayi kusan 29 ne, amma a kurfoti na gama-gari kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne ke kaiwa ga tukunya, sauran ya bi iska. Busasshen icce a murhun duwatsu uku bai fi 16 ba, kuma da kyar ake morar kashi 15 cikin 100. Idan aka haɗa lissafi, kilo 1 na gas yana yin aikin kilo kusan 4 na gawayi, ko icce fiye da kilo 10. Saboda haka kafin a yanke cewa gawayi ya fi araha, a ɗora ƙullin da ake saye a kan sikeli, a ninka kuɗin kilo sau 4, a kwatanta da kuɗin kilo 1 na gas. Sau da yawa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Abin da ke rinjayar mutane shi ne ana iya sayen gawayi ƙulli-ƙulli, gas kuma sai da kuɗi a dunƙule. Akwai kuma asarar da ba ta cikin farashin: a irin ƙonawar gargajiya ta rufe icce da ƙasa, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na icce kafin a sami kilo 1 na gawayi.

Wanda dole ta sa shi icce yana iya rage hayaƙin sosai. Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar tana ɓata ƙarfinta wajen busar da shi, ta yi ta hayaƙi ba ta ci. A faskara shi sirara, a jera a kan dutse ko katako ya bushe. A daina cusa murhu taf, guda biyu ko uku da iska ke ratsawa sun fi ci. A kewaye murhun da laka a bar baki ɗaya, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Madafi ya sami taga biyu masu fuskantar juna, ɗaya a sama kusa da rufi. Al'adar da nake roƙon a bari yau ɗin nan ita ce hura gawayi da leda ko guntun roba, domin gubar tana tashi ne daidai lokacin da fuska take kan kurfoti ana fifita. Busasshen kara ko totuwar masara suna yin aikin.

Wutar lantarki kuwa labarinta sananne ne: babban layin ƙasa yana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum fiye da miliyan 200. A Afrilu 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana, sauran rukunai kuma janareto ne ke cike musu giɓi. Ƙaramin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya fi kowanne hayaƙi, kuma yawanci laifin haɗin ne. Ma'aunin da aka fi rubutawa a jikinsa 50 da 1 ne, wato mililita 20 na mai a lita 1 ta fetur. Idan aka zuba da ka, ko aka sa tsohon man da aka juye daga mota, sai shuɗin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. Babban janareto mai tankin mai daban yana son canjin mai bayan awa 50 zuwa 100 na aiki. A hunturu a wanke soson iskarsa duk mako, don in ya toshe da ƙura injin yana shan fetur fiye da kima yana fitar da baƙin hayaƙi. Haka ma in an manta cok a rufe bayan ya tashi.

Mafi haɗari shi ne abin da ba a gani. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari. Janareto a zaure, a ƙarƙashin matakalar bene ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna yana iya hallaka gida guda cikin barci. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa na kallon waje. Kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi, iskar nan ɗaya yake fitarwa. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tare, kada a tsaya cewa zazzaɓi ne, a fito da su iska a nufi asibiti.

Wutar bola ita ce ta fi sauƙin kashewa, don ba ta dafa wa kowa abinci ba ta ba kowa haske. Tun 2011 ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, suka hana ƙona shara a fili, jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar, KEPA, amma inda motar kwasar shara ba ta shiga lungu, ashana ce ke aikin. Mutum ɗaya yana fitar da shara kusan rabin kilo a rana, gida mai mutum 10 ke nan kilo 150 a wata. Mafi yawanta ɓawon kayan miya ne, ragowar abinci, ganye, toka, ƙasar shara da kashin dabbobi. Wannan taki ne. Tun da daɗewa manoman kewayen Zariya da Kano suke kwasar takin gari a mangala zuwa gona. Abin da ya ɓata shi leda ce da batir da kwalba. Manomi ya ga leda ta yi yawa sai ya sa wuta don ta ragu, wutar kuma ta kori naitirojin, sinadarin da masara ta fi buƙata, ta bar masa toka.

Gyaran daga tsakar gida yake, da bokiti ɗaya da buhu biyu. Bokiti na abin da ke ruɓewa. Buhu ɗaya na ƙarfe da gwangwani da robobi, waɗanda 'yan jari-bola ke saye a kilo. Ɗayan na leda, a riƙa danna ta a ciki har ranar da za a kai wurin zuba shara na hukuma. Ledar da aka sake tana bin kwata ta toshe lambatu, ta ƙare a kogunan Kubanni da Galma inda ake noman rani, ko a tumbin akuya, kamar yadda mahauta ke tararwa. Robar bututu da rigar wayar lantarki su ne mafi guba in sun ƙone. Mataccen batirin mota ko na sola dalma ce a cikinsa, kada a fasa shi a gida. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga niƙan duwatsun zinare ta fito.

Ga yadda ake haɗa takin. A rani a haƙa rami mai faɗin mita 1 zuwa 1.5 da zurfin rabin mita a inuwa, a damina kuma a tara a tudu don kada ruwa ya kwanta a ciki. A fara shimfiɗa yankakken kara a ƙasa saboda iska. A zuba busasshen abu, ganye ko ƙaiƙayi ko ragowar harawa, kauri kamar taƙi ɗaya. A bi da ɗanyen abu na bokiti haɗe da kashin awaki ko na kaji, kauri kamar yatsu huɗu. A barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tsibin ya kai mita 1. Busasshe kashi biyu zuwa uku, ɗanye kashi ɗaya. A rufe da tsohon buhu ko ciyawa. Gwajin danshi shi ne a damƙi hannu ɗaya a matse: ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu su fito. A soka rodi a tsakiya. Cikin kwana 3 zuwa 5 in an zaro shi ya kamata ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, domin ciki yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A juya duk mako biyu, na waje ya koma ciki.

In rodi ya fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ne ya yi kaɗan, wannan ce matsalar hunturu, kuma ita ke gayyato gara. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, a baje a ƙara kara. In warin fitsari yake mai hawa kai, kashin kaji ko toka ne suka yi yawa, naitirojin ɗin ne ke guduwa, a ƙara busasshen ganye. Nama da ƙashi da mai suna jawo ɓera da ƙuda, a bar su waje. Cikin wata 2 zuwa 3 tsibin zai ragu da kusan rabi, ya yi baƙi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Kada a ɗauka zai maye gurbin takin zamani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, tan guda na wannan takin kuwa bai fi kilo 10 ba. Amfaninsa a wani wuri yake. Ƙasar yankinmu ta gaji, ruɓaɓɓen abu ya yi ƙaranci a cikinta, ba ta riƙe ruwa, takin buhu kuma ruwan sama yana wanke shi. Takin gida ne ke sa ta riƙe duka biyun. Hekta ɗaya tana son tan 2.5 zuwa 5. Wanda nasa bai kai haka ba kada ya watsa shi a faɗin gona, ya zuba cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka mako biyu kafin shuka, ya rufe da ƙasa nan take don rana ba ta barin amfanin takin da aka bari a fili.