Huda tankin gilashi don murjani: a yi aikin da lissafin ɗauke wuta

Ana huda tankin da ake kiwon murjani mai rai na teku ne don ruwa ya riƙa sauka ta bututu zuwa wani tanki da ke ƙasansa, inji kuma ya turo shi sama. Kafin injin huda ya taɓa tanki, a tabbatar gilashin ba gasasshe ba ne, irin na tagar mota mai watsewa ƙanana-ƙanana. Wannan ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Ka sa tabarau mai kashe ƙyalli, ka ajiye farin allon kwamfuta a bayan gilashin. In ka ga dabbare-dabbare, ka haƙura. Galibi gindin tanki ake gasawa, shi ya sa bangon baya ya fi aminci.

Sayi mahaɗar bututun, wato abin da ke shiga ramin ya haɗa gilashi da bututu, tukuna, sannan ka nemi bakin huda mai lu'ulu'u daidai da ita. Ta inci 1 tana cin rami kusan milimita 45. Tsakanin ramin da gefen gilashi a bar aƙalla faɗin ramin kansa. Ka kewaye wurin da laka, ka cika da ruwa, ka manna salatif a baya, ka tafi sannu ba dannawa. Gaggawar ƙarshe ce ke ɓalle baki.

Robar hana yoyo tana zama ta ɓangaren kan mahaɗar, ba ta wajen noti ba. Ɗaurin hannu ya isa, sai ɗan ƙari kaɗan. Masu kayan famfo a Sabon Gari za su miƙo maka bawul na tagulla don ya fi ƙarko. Kada ka karɓa. Jan ƙarfen da ke cikin tagulla guba ne ga murjani, komai ya zama PVC. Silikon ma a guji na banɗaki mai maganin fumfuna.

Inda aikin yake shi ne lokacin da aka ɗauke wuta, abin da kowa a Zariya ya saba da shi. Injin turo ruwa na tsayawa, bututun da ke kai ruwa sama sai ya koma zuƙo shi zuwa tankin ƙasa. Tanki mai santimita 120 da 45, in ruwansa ya sauka santimita 3 kawai, lita 16 ke nan. Dole tankin ƙasa ya kasance da sararin da ya fi haka, in ba haka ba ruwan gishiri zai malale ɗaki, kusa da wayoyin lantarki. Ka huda ƙaramin rami na milimita 3 a jikin bututun, dab da ƙasan fuskar ruwa, iska ta shiga ta katse zuƙon. Ana yawan dogara da bawul mai hana komowar ruwa, amma ɗan dodon koɗi ɗaya ya isa ya maƙale shi a buɗe. Ramin ma yana toshewa da gansakuka, a riƙa tsokale shi.

Magudana biyu masu kai ruwa tankin ƙasa nake ba da shawara: babba mai bawul, da ta ko-ta-kwana sama da ita kaɗan, wadda ba a sa mata bawul ko kaɗan.

Gwaji da ruwan famfo ake yi, kwana biyu. Ka zare soket na injin turo ruwa da hannunka, ka tsaya sai ruwan ya daina sauka, ka ja layi a tankin ƙasa inda za a riƙa tsayar da cikawa. Da hunturu ruwa na ƙafewa da sauri, kuma ciko da tataccen ruwa marar gishiri ake yi, domin gishirin yana nan bai tashi ba.