Turbo ba ya mutuwa haka kawai

A garejinmu, cikin tsofaffin motoci masu turbo (na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), wadda ta fi yawan zuwa ita ce Volkswagen Passat mai injin 1.8T, ƙirar 1998 zuwa 2005, sai 'yar'uwarta Audi A4. Mota ce mai daɗin tuƙi, amma ba ta yafe sakaci da baƙin mai.

Mai mota zai zo ya ce, "Oga, hayaƙi take yi shuɗi-shuɗi, kuma ta daina ja, a canza min turbo." Ni kuwa ba na ɗaura wani turbo sai na sa yara sun kwance kwanon mai na ƙarƙashin injin. Nan ne labarin yake. Za ka tarar mai ya daskare kamar kwalta, ya toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Kwanon wannan injin lita huɗu ma da ƙyar yake ci, ga turbo yana gasa man, yana juyi sama da 100,000 a minti. In aka zuba mai arha, aka kuma ja lokacin juye, siririn bututun da ke kai wa turbo mai sai ya cushe da gawayi. Sa yatsa ka taɓa farfelar da ke cikin turbon: in tana girgiɗi har tana gogar bango, ta gama aiki. Ka ɗaura sabo ba ka wanke hanyar mai ba, ka zubar da kuɗin mutum, kuma kai zai zaga. Ko kamfanin Volkswagen a 2004 sai da ya tsawaita garantin wannan injin a Amurka saboda daskarewar mai.

Sauran matsalolin da sauƙi. Koyil, mai ba fulogi wuta, kan ƙone, mota ta riƙa ɗingishi. Tiyon iska kan bushe ya tsage, ka ji tana huci in an taka totur. Akwai wani ɗan bawul mai roba a ciki, in ya yage ƙarfi ya tafi. Da yawa an sayar musu da turbo alhali shi ne kawai ya lalace. Lokacin hunturu kuma ƙura kan cinye farfela idan filtar iska ta huje.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi saurin tara dauɗa.

Tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, kam ba na wasa da shi, domin in ya tsinke fistin na dukan bawul, kuma guda 20 ne a kan injin. Tare da famfon ruwa muke canza shi, tunda farfelar na asali roba ce, tana fashewa. Wanda ya ce a bari sai wata mai zuwa, nakan faɗa masa kuɗin gyaran kan injin, inda bawul ɗin suke, tukuna, sannan ya zaɓa.