Akwatin sifika ne ke ba jita murya

Samarin unguwar Aboabo ta Kumasi da ke koyon jita a wurina, hankalinsu duk yana kan jitar. Ni kuwa akwatin sifika nake fara dubawa.

Ɗauki amfilifayar jita ta Fender Twin Reverb: sifika 2 ce mai inci 12, bayan akwatin kuma a buɗe yake. Sauti na fita gaba da baya, ya bugi bango ya cika ɗaki, kowace tsirkiya ka ji ta tas. Abin da kiɗan hailaif ke so ke nan, ni ma shi raina ya fi kwanciya da shi. Akwatin Marshall mai sifika 4 a rufe yake ruf, sautinsa kauri gare shi, yana tafiya gaba sak ya daki ƙirji.

A bukukuwan Zangon Kumasi a fili muke kiɗa, ga ganguna na tashi. Nan nakan rage gen, wato ƙarfin da sautin jita ke shiga amfilifaya da shi, don kada sautin ya dusashe, in sassauta bes, wato sauti mai kauri, in ɗaga na tsakiya. Sai in kishingiɗar da akwatin ya kalli kunnena, domin siririn sauti miƙewa yake yi. Idan gwiwarka yake kallo, za ka yi ta ƙara tirebul, wato siririn sautin, har ka soke kunnen matan da ke zaune a gaba.