Na ɗora wa netwok laifin da ba nasa ba

Ni da yara biyu ke riƙe da ɗan kamfaninmu a Ringim, ɗaki ɗaya a bakin titi, da sola a kan rufi. Manhaja muka yi wa masu sayen hatsi da riɗi: buhu nawa ya shigo, wa aka biya, wa ke bin bashi. Duk motsin da aka yi a cikinta, ko shiga ne, ko gyara farashi, ko goge ciniki, sai ta rubuta layi ɗaya a wani tebur na rumbun bayananmu, da lambar shago da lokaci. Ranar da yaron shago ya rantse bai taɓa lissafi ba, nan ake dubawa.

Bayan kaka ta biyu teburin nan ya kumbura, layuka sun kai miliyoyi. Wata Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwar Gujungu, wani Alhaji ya kira ni.

"Malam, abin nan naka sai juyawa yake kamar fanka. Ga dillali tsaye a kaina."

"Ranka ya daɗe, netwok ne."

"Wane netwok? Yanzu na tura kuɗi da wayar nan, nan take suka tafi."

Kunya ta kama ni. Tunanina na farko shi ne in ƙara girman sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, amma da dala ake biyan hayarta, aljihu kuma bai amince ba. Dole na zauna.

PostgreSQL muke amfani da shi, shi ne ke riƙe mana rumbun bayanan. Idan ka sa EXPLAIN ANALYZE a gaban tambayar da kake yi wa rumbun, zai nuna maka hanyar da ya bi da lokacin da kowane mataki ya ci. Abin da na gani shi ne Seq Scan: don ya kawo wa Alhaji motsi 50 na ƙarshe a shagonsa, sai ya karance teburin kaf, na kowa da kowa, ya tsame nasa, sannan ya jera. Kamar a ce ka nemo buhun mutum ɗaya, ka sauke tirela gaba ɗaya.

Maganin fihirisa ce, wato jerin da ke nuna inda kowane layi yake, a kan ginshiƙi biyu na teburin, lambar shago a gaba, lokaci a baya. Jerin yana da muhimmanci. A haka yana dira kan shagon kai tsaye, ya tarar da motsinsa a jere, ya ɗebi 50 ya tsaya.

A nan na yi wautar da har yau yaran ke yi min dariya. Zumuɗi ya sa na gina fihirisar da rana tsaka da umarnin CREATE INDEX zalla. Shi kuwa yana hana rubutu a tebur har sai ya gama. Tunda kowane ciniki sai ya ajiye layinsa kafin ya wuce, shagunan duka suka tsaya cak, wayata ta ɗau ruri. Da na ƙara kalmar CONCURRENTLY, da ya gina a hankali ana ci gaba da ciniki.

Sauran gyaran rubutuna ne. Wajen neman "motsin yau" na sa a fara mayar da lokacin kowane layi kwanan wata kafin a gwada, sai fihirisar ta kai shi shagon amma ya bi tarihinsa duka. Na mayar da neman daga ƙarfe 12 na daren jiya zuwa 12 na daren yau. Nuna layukan shafi-shafi kuma da OFFSET nake yi, wanda ke karanta duk layukan baya ya watsar kafin ya kai inda ake so. Yanzu manhajar na riƙe lokacin layin ƙarshe da mutum ya gani, ta ɗora daga nan.

Daga baya muka raba teburin wata-wata, abin da PostgreSQL ya sauƙaƙa tun fitowa ta 10 a 2017. Tsohon wata cire shi ake yi ɗungurungum a adana, ba a bi layi-layi ana gogewa. Fihirisa ma ba kyauta ba ce, tana cin wuri, kuma kowane sabon layi sai an shigar da shi cikinta, shi ya sa na goge wasu biyu da ba a taɓa waiwayarsu ba.

Lahadin da ta biyo baya ni na kira Alhaji. Ya ce in bari sai bayan la'asar, ana auna masa riɗi.