Taswirar da yatsu za su karanta

Asabar, Ebute Metta.

Yau na kai allon da na yi mako uku ina haɗawa zuwa Okobaba, inda 'yan uwanmu makafi da guragu daga Arewa suke zaune shekara da shekaru, kowane rukuni da sarkinsa. Taswirar layin dogo ce daga Ikko zuwa Kano, layin da ya isa Kano a 1911, kuma na zaɓe shi ne domin dattawa da yawa a can ta jirgin ƙasa suka fara zuwa garin nan.

Wani dattijo makaho ya ɗora tafukansa biyu a kan allon, ya bi shi a hankali tun daga Zariya har Jebba, sannan ya tsaya cak. Ya ce, "Ɗana, ina jirgi, ina ruwa?" Sai a lokacin na lura cewa da zare iri ɗaya na yi layin dogo da kogin Kwara, launi kawai na bambanta, alhali yatsa bai san ja ba, bai san shuɗi ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni." Kunya ta kama ni ƙwarai.

Sunayen garuruwa kuwa na buga su da kawunan ƙusa a tsarin Braille, rubutun makafi mai ɗigo shida, amma a cikin mutum bakwai da suka shafa, ɗaya ne kaɗai ya iya karantawa, domin sauran ba su taɓa shiga makarantar makafi irin ta Pacelli da ke Surulere ba. Su da kansu suka kawo mafita: Kano a sa mata jemammiyar fata, Ibadan guntun kwanon rufi, Ikko kuma wuri irin na kuɗin dā, kogi a yi shi da leda mai santsi, dogo da igiya mai kauri. Wata yarinya kurma da ta iya ɗinki ta karɓi allura, tana nuna mini da maganar hannu inda zan riƙe mata.

Wani gurgu ya ƙara da cewa kada a rataye allon sama da ƙirjin mai zaune a keke, ya kuma tuna mini dokar hana wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a 2019.

Na dawo Agege bayan magariba, yatsuna duk gam. Ranar Litinin zan biya kasuwar Oyingbo in sayo igiyar, kuma Baba ya ce zai bi ni ya zaɓa da hannunsa.