Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Ranar da na fara wasa babu iska

A makon jiya na tsaya a inda Bappa, wato mahaifina, ya amince in tafi Male, babban birnin ƙasarmu Maldibs, in ci gaba da makaranta a gidan ƙanwar Mamma. Watan Janairun 2011 ne, ina da shekara 15. Kwana muka yi a jirgin ruwa, daga ni sai akwati sai raket guda ta wasan badmintan da aka naɗe mariƙinta da tsumma. Da za mu rabu a bakin ruwa, Mamma ta riƙe hannuna ta ce, "Dharifulhaa, 'yata, karatu ne ya kai ki, kada wannan wasa ya ɗauke miki hankali." Ita ce fa gwanar tsibirinmu a wasan mata da muke kira bashi da harshenmu na Dibehi, wanda mace ke juya wa raga baya ta doka ƙwallon tanis ta saman kanta, na ɗaya ɓangaren su cafe da tsurar hannu. Yatsunta biyu sun karkace a dalilinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A gida, tsakanin bishiyoyin kwakwa biyu muke buga badmintan, ragarmu guntun komar kamun kifi. Ƙwallon wasan nan nauyinta kamar giram 5 ne kacal, ƙasarmu Maldibs kuwa tsibirai ne sama da dubu a tsakiyar teku, babu dutsen da zai tare iska. Idan iskar damina da muke kira hulhangu ta taso daga watan Mayu, sai ka buga gabas ta sauka arewa. Dole muka koyi bugu mai ƙarfi, ƙasa-ƙasa, dab da raga. Ɗaga ƙwallo sama asara ce a wurinmu, don iska za ta tafi da ita.

Ranar da na fara shiga zauren wasanni na Ekuveni da ke Male, shirun da ke ciki ne ya fara ba ni tsoro. Ba motsin ganye, ba rugugin teku, sai kukan takalma a ƙasa. Mai horarwa ya miƙo mini ƙwallon gashi ta gaske, mai gashin tsuntsu 16, ni da ban taɓa buga komai ba sai ta roba. Ya haɗa ni da wata yarinya da ko kafaɗata ba ta kai ba.

Ta ɗaga ƙwallon farko sama can ƙuryar filina. Na tsaya ina kallo, domin jikina ya saba cewa irin wannan waje take fita. Sai ta tsaya cak a sama, ta sauko a miƙe kamar an sako ta da zare, ta faɗi cikin layi. Ta sake, na sake tsayawa. Tsawon filin mita 13.4 ne, amma ran nan ji na yi ba shi da iyaka. Ƙafafuna da suka saba da yashi suna ta neman inda za su nutse su riƙe ni. Aka tashi 21 da 4.

Ban yi kuka ba sai da na fita. Mai horarwa ya same ni a bakin ƙofa ya ce ƙarfin hannuna ya fi na duk yaran da ke wurin, amma wata uku ba zan ƙara wasa da kowa ba, sai koyon taku da ɗaga ƙwallo. Haka aka yi. Da asuba bayan salla, kusurwa shida, gaba da baya, babu ƙwallo a hannu. Da yamma kuma ina tsince karyayyun ƙwallaye, don daga waje ake shigo da su kuma tsadarsu ta fi ƙarfina. Ina turara su a bakin butar shayi gashin ya yi laushi, in tara masu dama-dama in aika wa ƙannena.

Shi ya sa a 2024, da 'yar ƙasarmu Fathimath Nabaaha Abdul Razzaq ta kara da P. V. Sindhu ta Indiya a gasar Olamfik ta Faris aka ci ta 21 da 9, 21 da 6, raina ya ɓaci da masu cewa ba ta yi komai ba. Maki 15 ta ƙwata a hannun matar da ta ci kofin duniya a 2019, ita da ta fito daga ƙasar da mutanenta ba su wuce kimanin rabin miliyan ba. Na san gumin da ke bayan kowane maki a cikinsu.

Ana cikin wata ukun nan na koyon taku hukumar badmintan ta duniya ta fito da dokar cewa mata za su riƙa sa siket a manyan gasanni. Ni da dogon wando da lulluɓi nake wasa, kuma dokar ba ta shafi irina ba, daga baya ma an jingine ta saboda sukar da ta sha. Amma labarin ya riga ya kai kunnen Bappa. Da daddare ya kira wayar gidan, aka miƙo mini. Bai tambayi karatu ba. Ya ce, "Idan an yi hutu ki taho gida, ki zo da raket ɗin nan."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.